Daminar da Aka Sare Dajinmu

Ruwan bana ya makara. Hadari sai ya haɗo ta wajen Girei ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi ledojin unguwa ta yi sama da su, can kuma ya watse ya bar mu da zufa. Ranar da ya sauko da gaske ina tsakar gida a unguwar Bekaji, cikin Jimeta, ina wankin kalwa, ban ko motsa ba, na bar shi ya jiƙa ni. Ƙamshin ƙasar da ya taso ne ya mayar da ni wata damina, shekara goma da 'yan kai ke nan, wadda jikokina ke kira shekarar gudu. Ni ba gudun ne ya fi tsaya mini a rai ba. Waɗanda suka kore mu daga gida ban san fuskokinsu ba, na bar su da Allah. Wanda ya cuce mu bayan gudun kuwa na san shi, na san uwarsa, a kwanona ya ci tuwo.

Garinmu yana can arewa a gindin duwatsu, jingine da gandun dajin gwamnati. Tun ina amarya na tarar ana rigima da malaman daji. Mace ta shiga tsintar kaɗanya a koro ta, namiji ya yanko wa akuyarsa ganye a ƙwace masa lauje. Mijina, wanda gari ke kira Umaru Mai Zuma, ni kuma nake ce masa Malam, sau biyu ana tsare shi saboda amyoyin da ya rataya a cikin gandun. Bai daina ba. Ubansa ma a nan ya rataya nasa.

Bazarar da ta gabaci gudu sai ga baƙi daga Yola, manyan ma'aikatan gandun daji da wata mata mai tabarau. Suka ce sun gaji da rigima. Suna so mu nuna musu da hannunmu abin da dajin ke ba mu da inda yake, a zana, a buga hatimi, kowa ya san iyakarsa. Aka share ƙofar gidan Jauro, wato mai garinmu, tas. Aka zuba toka a matsayin rafi, aka jera tsakuwa a matsayin duwatsu. Mu mata aka ce mu sa namu. Kowace ɗorawa muka aza mata ƙwayar kalwa, kowace kaɗanya ƙwarar kaɗe, tsamiya da kuka da ɗinya kowacce da alamarta. Har musu ya kaure tsakanin tsofaffi biyu a kan wata kanya, ɗaya ta ce tana gabas da rafi, ɗaya ta ce ai rafin ne ya sake hanya. Matar nan mai tabarau tana dariya tana rubutu. Ni kaina ban taɓa sanin muna da arziki haka ba sai da na gan shi shimfiɗe a ƙasa.

Da aka zo kan madobiya kowa ya ja baya ya ba Malam wuri. Madobiyan dajinmu ba a bakin hanya suke ba, suna cikin kwaruruka uku a bayan dutse, inda baƙo zai yi wata yana yawo bai gan su ba. In sun yi furen nan nasu rawaya da rani, ƙudan zuma ba su da abincin da ya kai shi. Malam ya tsuguna da karare a hannu yana kafawa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ta fi kauri, da wadda kakansa ya fara rataya amya a kanta, da inda ake zagaye dutsen ko da jaki mai kaya, da idon ruwan da ba ya ƙafewa a kwari na uku. Bai ɓoye komai ba. Na taɓa shi na ce ya rage wani abu mana, ya ce, "Abin da ba a zana ba, gobe sai a ce ba namu ba ne."

Wanda ya kwafe zanen daga ƙasa zuwa takarda shi ne Sa'adu, ƙanin Malam uba ɗaya, don shi ya yi sakandare, shi ke yi wa baƙin tafinta. Biyu aka yi. Aka tafi da ɗaya Yola, ɗaya mai hatimi aka bar wa gari, Jauro ya damƙa ta a hannun Malam. Sharaɗin shi ne mu tsinci 'ya'yan itace, mu rataya amya, mu yanki ganye, amma ba a sare ɗanyen itace. Daminar nan babu wanda ya kori kowa. Na tara kaɗe har na rasa wurin shanya.

Da kaka, dawa ta sunkuyar da kai ana shirin yanka, mutanen daji masu bindiga suka faɗa wa garin da ke gabanmu. Da hantsi muka ji harbi, kafin azahar namu garin ya zama kufai. Na ɗauki tukunya ɗaya, na goya jaririn 'yata Hajara, don ba ta daɗe da haihuwa ba. Malam ya koma ɗaki da gudu, na zaci hatsi zai ɗebo, sai ga shi da guntun bututun roba da ya cusa taswirar a ciki. Kwana uku muna tafiya a ƙasa kafin mu sami mota. A hanya na yi masa faɗa, na ce takarda za mu dafa? Ya ce, "Ita ce shaidar muna da wurin komawa."

A Jimeta wani ɗan kasuwa ya bar mana kangonsa a bayan Bekaji, Allah ya saka masa da alheri. Bulo ne tsirara, babu ƙofa babu taga, rabinsa kawai aka rufa da kwano. Gida huɗu muka zauna a ciki, muka ɗinke buhuna muka yi labule. Ɗakin da ke jikin namu na Mama Rifkatu ne, Kirista daga wajen Michika, wadda ta fito da 'ya'yanta mata uku ba ta san inda mijinta yake ba. Murhu ɗaya muke ɗora tukunya.

Mu mutanen dutse ba mu san zafi ba sai da bazarar Yola ta same mu a kangon nan. Tun hantsi kwano ke ɗaukar wuta. Ruwan randa ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ƙuraje suka feso wa jariri a wuya har ya daina kuka da ƙarfi, sai dai ya buɗe baki. Muka yi ta roƙon Allah ruwa, da ruwan ya zo kuma sai ya shigo mana ta gefen da babu rufi. Tabarmi suka jiƙe, bango ya yi gansakuka, sauro ya mamaye ɗakin. In hadari ya taso sai mu tattara yara da garin masara a lungu ɗaya, mu manya mu tsaya a bakin ruwan da buhu a ka.

A cikin wannan damina azumi ya kama. Sahur ragowar tuwon masara ne in akwai, in babu mu sha ruwa mu yi niyya. Ana sallame asuba sai mu kama hanyar Geriyo a ƙasa, ni da Malam da Rifkatu, inda masu gonakin shinkafa ke ɗaukar 'yan ƙwadago cirar ciyawa. Taɓo har ƙwauri, matsattsaku na liƙe wa mutum ba ya ji sai ya ga jini. In rana ta fito bayan ruwa, tururi ke tasowa daga gonar ya shige ka ta hanci. Ruwa a gabanka, ruwa a bayanka, leɓenka ya tsage babu halin sha. Malam ya saba da hawan itace, bayansa bai saba da sunkuyo ba. Kafin azahar sai in ga ya dafa gwiwa yana haki. Rifkatu ta gama layinta ta shigo nasa.

"Baba, matarka ya ce ka huta, ni ma na ce ka huta. Je ka zauna."

Haka Hausarta take. Ba ta taɓa shan ruwa a gabanmu ba, sai ta zagaya bayan ciyawa.

A hanyar dawowa mu tsinci tafasa da rama da lalo a gefen gonaki, mu haɗa ƙirare. Hajara ta riga ta kai niƙa. Rifkatu ce ke ɗanɗana mana gishiri tunda ba ta azumi. Miyar ruwan ganye ce kawai, babu daddawa, a gidan macen da ta yi shekara talatin tana yin daddawa. Ranar da na fara tsayawa gaban mai tebur a kasuwar Jimeta ina neman tsamiyar kunu ta saye, ni da nake zubar da ta bara in sabuwa ta nuna, sai da na juya baya na share ido. Da an kira magariba mu zauna a tabarma ɗaya, har Rifkatu da 'ya'yanta, don sun ƙi cin nasu sai mun sha ruwa. Kurɓin kunun farko har cikin kunne nake jin saukarsa.

Sa'adu, wanda shi ma ya gudo Jimeta, ba ya zuwa ƙwadago, wai yana bin ofisoshi neman aiki. Amma ladan na ɗaga murya sai ka ji sallamarsa a bakin labule. Ba a yi tuwon da shi ba, don haka daga nawa nake gutsura in sa masa. Ƙanin miji ne, Adda yake ce mini. Yana ci yana cewa, "Adda, hannunki dai ko ganye kika dafa sai ya yi daɗi."

Azumi ya kai ashirin ya zo da magana. A lokacin sojoji sun riga sun kori mutanen daji daga yankinmu, amma babu wanda ya yarda ya koma tukuna. Ya ce wa Malam, wanda yake kira Hamma, akwai masu rabon tallafi da ke son shaidar cewa garinmu gari ne na gaske, in suka ga takarda mai hatimi za a sa sunanmu a ba mu hatsi da iri.

"Hamma, kwana biyu kawai. Su ɗauki hotonta in dawo maka da ita."

Bututun yana rataye a ƙusa saman inda Malam ke kwana, nannaɗe da leda saboda yoyo. Na dubi Malam, ya gane abin da nake nufi, ya ce, "Shi ya zana ta da hannunsa. In ban ba shi ba wa zan ba?" Ya sauko da ita.

Daga ranar ba mu ƙara jin sallamar Sa'adu ba. Aka yi Sallah bai zo ba. Hatsin tallafi bai zo ba. Sai labari muke ji, an gan shi a kan sabon babur, an gan shi da wasu baƙi a otal.

Wata la'asar, sati uku ko huɗu bayan Sallah, muna dawowa daga gona muka biyo ta wajen gada. An yi ruwa da rana, kwalta na tururi. Tireloli ne jere a gefen titi sun tsallako daga arewa, kowacce shaƙe da gumagumai, direbobi na shan shayi. A shekarun nan an saba ganinsu, ana cewa ƙasar waje ake kai itacen. Wanda ya san madobiya ya san in aka sare ta jan ruwa take fitarwa. Ruwan sama ya wanke shi yana ɗiga daga bayan mota, ƙasan wurin ta yi ja. Ina tafe sai na ga babu Malam a gefena. Na waiwaya, yana tsaye a bayan wata tirela ya ɗaga kai.

Kowane mai zuma a garinmu yana da alamar da yake sassaƙawa a jikin itacen da ya rataya amya. Ta gidansu Malam sawun kaza ce, layi uku da suka haɗu a ƙasa. Ga ta nan a jikin wani gungume da ba a gama feƙe ɓawonsa ba, ta tsufa ta yi baƙi. Ya taka taya ya hau, mutumin da ɗazu ya kasa ɗaga ƙafa daga taɓo. Ya sa yatsa cikin alamar. Ya duba na kusa da shi, ya ga wata. Ya duba na sama, ya ga wata.

Direban ya taso da kofi a hannu. "Baba, wetin? Lafiya? Sauko mana, kar ka faɗi."

"Daga ina kuka ɗauko?"

"Can bayan dutse. Wuri ne mai wuya, wallahi, ba don mai nuna hanya ba babu wanda zai gano shi."

"Wa ke nuna hanyar?"

"Oga Sa'adu. Ɗan wurin ne, har takarda gare shi."

Ba mu koma gida ba. Da taɓon gona a ƙafarmu muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani shagon waya kusa da tasha. Sa'adu yana zaune a benci cikin sabuwar shadda, babur a gefensa. Da ya gan mu ya miƙe.

"Hamma, ku zauna mana. Adda, a kawo muku lemo?"

Malam ya ce, "Na ga madobiyar Kaka a kan mota."

Sa'adu ya dubi mutanen da ke shagon, sannan ya rage murya. "Hamma, itace ne fa. Gari babu kowa, malaman dajin ma sun gudu. In ban nuna ba wani zai nuna. Ƙudan zuma za mu zauna muna yi wa gadi, yunwa na kashe mu?"

Na ce, "A gidana yunwa ta kashe ka?"

Bai dube ni ba. Ya buɗe akwatin babur ya ciro takardar, babu bututu, an ninke ta huɗu, duk ta sha baƙin mai. Ya jefa a kan benci.

"Ga ta nan. Na gama da ita."

Ban yi boko ba, amma na san alamar sokewa in na gan ta. Kowace madobiya da Malam ya kafa wa kara, Sa'adu ya gicciya mata biro. Kwari na ɗaya duka, na biyu duka, na uku ya rage kaɗan. A gefe akwai rubutu, daga baya Hajara ta karanta mini, sunayen direbobi ne. Malam bai ɗauki takardar ba. Ni na ɗauka na sa a zanina.

Washegari Malam ya je wurin Jauro, wanda shi ma yana raɓe a gidan wani ɗan'uwansa, ba shi da ikon ko akuya. Ya je ofis, aka ce masa babu ma'aikacin da zai shiga dajin nan yanzu. Ya dawo ya zauna a bakin kango. Bai ƙara zuwa gona ba. In na kawo tuwo ya ci loma biyu ya ture. Zazzaɓi ya kama shi, irin wanda da a gida ne kwana uku zai yi ya tashi. Bai tashi ba. Wata safiya ya ce mini, "Ni na nuna musu, ko?" Na ce ba kai ba ne. Ya ce, "Ni na kafa karan." Kafin ruwa ya ɗauke muka binne shi a Jimeta, a ƙasar da bai taɓa noma ko kunya ɗaya ta kansa ba.

Ranar sadakar uku Sa'adu ya zo da buhun shinkafa a bayan keke. Ya zauna cikin maza ana yi masa gaisuwa, shi ne ƙanin mamaci. Na so in ja buhun nan in zubar a kwata a gaban kowa. Amma nonon Hajara ya ƙafe, 'ya'yan Rifkatu sun kwana biyu a kan ganye. Na dafa. Na ci. Na san da me aka saye ta, kuma ta yi mini daɗi a baki. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da shi a kansa.

Bayan shekara biyu, da mutane suka fara komawa, na bi su in gani. Hanyar da tireloli suka buɗe ta zama ta kowa. Masu gawayi suka biyo baya, suka cinye ƙirya, da ta ƙare suka faɗa wa ɗorawa da kaɗanya. Na shiga kwari na ɗaya, rana ta buge ni a ka a wurin da da ko tsakar rana sai ka ji sanyi. Kututture ne ko'ina, ga ɓaraguzan amyoyin Malam a ƙasa gara ta ci. Idon ruwan yanzu rani na rabawa yake ƙafewa. Na kwana ɗaya na dawo Jimeta. Daddawa nake yi har yau, amma a kasuwa nake sayen kalwa, ban san gindin da ta fito ba.

Sa'adu kuwa ya zama Alhaji Sa'adu. Ya gina bene a Karewa. Ya haƙa wa garinmu rijiyar burtsatse, aka rubuta sunansa a jikin tanki, matan da ya ƙafar wa da idon ruwa suna ɗiba suna sa masa albarka. Shekara goma in mun haɗu a biki ko rasuwa ya ce, "Adda, ina gajiya?" in ce lafiya. Takardar tana ƙasan akwatina. Ban san me nake jira ba, na dai san ina jira.

Kwana kaɗan bayan ruwan nan da ya jiƙa ni, Jauro ya aiko. Wai za a sake zana dajin, an kira dattawan gari, maza da mata, wani zauren taro a cikin Yola. Na sa Hajara ta tare mana keke. Na ɗauko takardar na ɗaura a ƙugu.

Yanzu ba toka da tsakuwa ake yi ba. Wani ƙaton hoto ne da aka ɗauka daga sama aka shimfiɗa a tebur, ga alƙaluma masu launi. Shugabar aikin yarinya ce sa'ar Hajara, mai ladabi. Ta ce kafin a fara zane za a zaɓi shugaban kwamitin gari, wanda zai riƙe taswira ya kuma kula da dashen sababbin itatuwa. Tun ba ta rufe baki ba wani ya ce Alhaji Sa'adu. Wani ya ce ya goyi baya, ai shi ya ba mu ruwa. Yana zaune a kujerar gaba da babbar riga, yana murmushi yana cewa a'a, a'a, akwai manya.

Na miƙe.

"'Yata, ina da tambaya. Wanda zai riƙe takardar, me zai yi da ita?"

Ta ce, "Zai adana ta ne, Dada."

"To ga wadda aka adana."

Na kwance ta na shimfiɗa a kan hoton nasu. Ta yi laushi, ninkin ya tsage, amma hatimin yana nan, baƙin man yana nan, giciyen biro yana nan. Mutane suka taso suka kewaye tebur.

Na ce, "Alhaji, kai ka yi boko. Zo ka karanta mana abin da aka rubuta a gefen nan."

Bai tashi ba. Ya ce, "Adda, wannan ai maganar gida ce."

"Dajin ma na gida ne. Karanta."

Bai karanta ba. Na faɗi komai, daga kan tuwon azumi har tirelar bakin gada, har abin da Malam ya ce mini da safen nan. Ban ɗaga murya ba, na daɗe ina shirya maganar. Wanda ya fara ambatar sunan Sa'adu ya ce ai abin da ya wuce ya wuce. Sai Jauro, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya matso ya kai idonsa kusa da takardar ya daɗe.

"Ni na damƙa wannan a hannun Umaru. Rubutun kuma na Sa'adu ne, zane da sokewa duka. Kowa a nan ya sani. Mun yi shiru ne saboda ruwa."

Daga nan mata suka ɓalle. Wannan ta ce ɗorawar uwarta, waccan ta ce kaɗanyarta bakwai. Na roƙi jan alƙalami, yarinyar ta miƙo mini. Hajara na nuna mini inda kwaruruka suke a hoton, ni kuma ina ɗiga ja a wurin kowace madobiya, ina kiran sunanta kamar yadda Malam ke kira: ta Kaka, mai kogo, tagwaye, wadda aradu ta taɓa. Duk wadda na ɗiga sai in ce, "An sare. Sa'adu ya nuna." Ban tsallake ko ɗaya ba. Ina cikin kwari na biyu Sa'adu ya kara waya a kunne ya fita. Wayar ba ta yi ƙara ba, ina kusa da shi.

Wani malamin makaranta aka zaɓa. Taswirar kuma aka ce a hannun mata za ta zauna, kuma ba za a rubuta wurin 'yan manyan itatuwan da suka tsira a kan wadda kowa zai gani ba. Ma'aikatan sun ɗauki hoton tsohuwar takardar sun ce za su kai gaba. Ban sa rai a yi masa wani abu ba, irinsu ba a cika taɓa su ba. Amma a keke muna dawowa na ji iska na shiga ƙirjina har ƙasa. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗin yadda gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Magana ta zaga. An yi ta a masallacin unguwarsu, ta kai gidan surukansa. A garinmu wani ya kankare sunan da ke jikin tanki.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince tsakuwa a kalwa na ji sallama. Sa'adu ne. Motarsa ta kasa shiga lungunmu saboda taɓo, a ƙasa ya tako, takalminsa ya ɓaci. Ya tsufa fiye da yadda na lura a zauren. Hajara ta shimfiɗa masa tabarma, bai zauna a kai ba, ya tsuguna a gefe.

"Adda, na zo neman gafara. Likita ya ce jinina ya hau, ga suga. Ba na son in tafi da haƙƙin Hamma a wuyana. Duk abin da kika ce zan yi. In gida ne in gina miki. In Makka ce bana ki tafi."

Na ci gaba da tsince kalwata. Hajara na tsaye a bakin ɗaki tana roƙona da ido.

Na ce, "Duk abin da na ce?"

"Wallahi, Adda."

"Ka je kwari na uku, wajen idon ruwa. Ka shuka madobiya da hannunka, ba ɗan aike ba. Ka ba ta ruwa, ka tsare ta daga akuya da wuta. Ranar da ta yi kaurin da in ka rungume ta hannayenka ba za su haɗu ba, ka zo ka faɗa mini. A ranar zan yafe maka."

Ya ɗago kai ya dube ni, ya ga ba wasa nake yi ba.

"Adda, ai wannan sai ta shekara arba'in."

Na ce, "Na sani."